Damanar da Gwaggo ta saki hannu

Jikanyata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance. Ta dawo daga wajen kitso da yamma, an ƙara mata gashin kanti har gadon baya, an ja shi an ɗaure tamau, girarta ta ɗage sama kamar wadda ta ga abin mamaki. Ta gaishe ni ba ta iya sunkuyar da kai ba. Ta wuce ɗaki ta haɗiyi maganin ciwon kai, ta fito tana shafa wani mai na kwalba a gaban goshi, wai a waya ta ga ana tallarsa, yana mayar da gashin da ya zube. Na ce mata, "Ke, da hannu guda kina tuge shi, da guda kina roƙonsa shi dawo, wanne zai ji?" Ta yi dariya ta ce ni tsohuwa ce, ban san kwalliya ba. Ni ban san kwalliya ba! Ni da na tashi a tsakanin gwiwoyin makitsiyar da babu kamarta a unguwarmu ta Wurno. Na kai yatsa gefen goshina na hagu, inda wani ɗan fili yake, santsi, ba gashi ko ɗaya.

Ban san uwata ba. Ana gab da yaye ni ta rasu, sai yayar babana ta ɗauke ni, ita ce Gwaggo. Ta haihu, amma duk sun koma tun suna jarirai, don haka ni kaɗai ce a ɗakinta. Sunan mahaifiyarsu anka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba har ta bar duniya, sai dai ta ce "Uwata". Babana kuwa ɗan cin rani ne. Zamanin Nasara ne lokacin, ana neman kuɗin haraji ido rufe, maza suna gangarawa kudu da zarar an cire amfanin gona, shi kuma ya tafi ya zarce, sai saƙon gaisuwa a bakin fatake. Mijin Gwaggo mutum ne mai shiru, daga fadamarsa ta albasa sai masallaci. Gidan namu na mata biyu ne a gaskiya, babba da ƙarama.

Kitson Gwaggo a gindin rumbu ake yinsa, inda inuwa take daɗewa. Har yau in na rufe ido ina jin komai: ƙarar daka daga gidajen maƙwabta tana amsa juna, kukan jakuna masu hawowa daga gulbi da tulunan ruwa, ƙamshin man shanu da shuni, da tsinkenta na ƙarfe da take sokewa a ƙugun zane. Mata su zo da ɗan tsabar gero ko goro a bakin gyale, su baje a tabarma, a yi ta hira har la'asar. Yanzu shago ake zuwa, a zauna bisa kujera ana kallon madubi, mai kitson ba ta san sunan uwarki ba. Mu a lokacinmu kai ake ɗorawa a cinyar mutum, ki ji numfashinta a ƙeyarki. Ta yi wa amare doka, ta yi wa 'yan mata zane ƙanana siri-siri kamar kunyar gona. Kuma hannunta da ƙarfi, wayyo! In ta kama gashi sai ta kamo har ɗan tsirarun da ke bakin goshi, ba ta barin ko sili ya tsere. Matan gari suna son haka, don kitsonta yana kai su wata bai tashi ba.

Amma duk ƙarfin da take sa wa kan wasu, nawa ya fi. Su wata-wata suke zuwa, ni kuwa da ta ga sili ɗaya ya ɗaga sai ta ce, "Uwata, taho nan," a tsefe a sake sabo. In ta gama ba ni iya kwanciya da gefen kai sai na yi rubda ciki, ƙananan ƙuraje su fito a bakin kitson, ta shafa musu mai ta ce gobe za su kwanta. Ina kuka tana cewa, "Zamna daidai, saura kaɗan," alhali ko rabi ba a yi ba. Sai da na girma na gane dalili. Wata rana a kasuwa, ina goye a bayanta, ta ji wata mata ta nuna wata yarinya mai kai buzu-buzu ta ce wa abokiyar tafiyarta, "Dubi kanta, wagga ba ta da uwa." Maganar ta shiga Gwaggo ta zauna. Tun daga ranar ta ɗaura wa ranta cewa babu mahaluƙin da zai kalli kaina ya san ni marainiya ce. Kuma haka anka yi, don ni ce yarinyar da ta fi kowa tsaftar kai a dandali, ina tafe ina yanga, goshina yana ja da baya ban sani ba.

A ƙarshen bazara, ana jiran ruwan shuka, kakata ta wajen uwa ta zo ganina daga Giyawa, can ƙasar Goronyo. Iya muke ce mata. Doguwa ce, siririya, bakinta ja da goro, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ko na ɗan lokaci. Ta sauko daga jaki tana tsokanata kamar yadda kakanni suke yi, wai na yi tsawo ban yi hankali ba. Da na durƙusa gaishe ta sai ta kama haɓata ta juya fuskata wajen rana. Dariyar ta ɗauke.

"Ke, mi yas samu goshin wagga ɗiya?" in ji ta, tana kallon Gwaggo.

Gwaggo ta ce, "Lahiya lau, Inna. Girma ne, haka kan yara ka yi."

"Girma? Ni na haifi uwarta. Gashin ɗiyata har kusa da gira yake saukowa, kuma da shi anka haifi wagga, da idona na gani ranar suna. Yanzu dubi, goshi kamar bayan ƙwarya, gefe da gefe an share."

Ta bi bakin kitson da yatsa, ta taɓa ƙurajen, na yi 'yar ƙara. Ta ce ɗiyarta ta tafi ba ta bar mata komai ba, ko zane, sai wannan gashin a kan jikarta, shi ma ga shi ana tuge shi sili-sili. Ba ta zagi Gwaggo ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Da za ta koma, a gaban mijin Gwaggo, ta ce in gulbi ya janye, an kai hatsi rumbu, za ta dawo. In ta iske goshin haka, to da ni za ta wuce Giyawa, kuma babana da bakinsa ya faɗa mata kafin ya tafi cewa duk abin da ta nema game da ni ba za a hana ta ba. Mijin Gwaggo ya sunkuyar da kai, don ya san gaskiya ne.

Ranar Gwaggo ba ta ci tuwo ba. Ni ma tsoro ya kama ni, don ina son Iya, amma ban san wani ɗaki a duniya ba sai na Gwaggo, ban san barci ba sai da bayana a jikin nata.

Babu abin da ba ta gwada ba a farkon damanar nan. Ta karɓo rubutu wajen malam ta wanke mini kai da shi. Wanzami ya ba ta wani baƙin gari, anka kwaɓa da mai, ya yi ta yi mini zafi a banza. Wata ta ce tokar kaza, wata ta ce lalle da kanwa. Duk tana yi, kuma duk tana kitse kan tamau kamar kullum, don ko a mafarki ba ta kawo cewa hannunta ne ba. Mai kawo mana nono, wata tsohuwar Bafillata daga wajen Rara ta ƙasar Rabah, ita ta faɗa mata. Ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, ta ga ana yi mini kitso ina hawaye, ta tsaya tana kallo har Gwaggo ta kai bakin goshi ta soma tsintar 'yan silin da sunka rage da tsinke.

"A'a, a'a, bar mata waɗanga," in ji ta. "Su kike nema su yi yawa, su kuma kike kamawa?"

Gwaggo ta ɗaure fuska ta ce, "Shekara nawa ina kitso, yau za a koya mini?"

"Ba koya miki nike ba, ɗiyata. Mijinki in gona ta gaji mi yake mata? Barinta yake ta huta. Ki yi mata kalaba manya, sako-sako, ki bar gaban nan kada tsinke shi kusance shi. Ki wanke da karkashi, ki murza man shanu da yatsa a hankali. Wanda saiwarsa ba ta mutu ba zai dawo. Wanda ta mutu, sai haƙuri."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita tana kiran nono. Gwaggo ta daɗe zaune, tsinke a hannu, kaina a cinyarta. Na ji wani ɗumi ya ɗiga a ƙeyata. Can sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Uwata, ashe ni ce." Ta soma tsefe abin da ta kitsa.

Wanda bai zauna cikin mata a ƙaramin gari ba, ba zai san nauyin abin da Gwaggo ta ɗauka ba. Yanzu yarinya sai ta sa hula ko hijabi, babu mai sanin abin da ke ƙasa. Mu a lokacin 'yan mata kai a buɗe muke yawo, ɗaurin ƙirji kawai. Kalaba huɗu ta yi mini, manya, sako-sako, kwana kaɗan sai su soma warwarewa, gaban kuma a sake yana tashi yadda ya ga dama. Da wannan kan nake zuwa ɗibar ruwa, da shi nake kai wa mijinta hura fadama. Magana ta tashi. Matar maƙwabcinmu mai ƙosai, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, ta tare Gwaggo a bakin rijiya ina tsaye ta ce, "Ashe riƙon ya gundure ki? To dama ɗan wani sai a hankali." Wasu sunka ce tun da ta ji za a karɓe ni ta zubar da ni. Wasu masu zuwa kitso sunka koma wajen wata, wai makitsiyar da ta kasa gyara kan gidanta mi za ta yi wa na waje. Abin nan da ta yi shekaru tana gudu, a kalli kaina a ce ba ni da uwa, shi ta jawo wa kanta da hannunta, ta buɗe ido tana ji. Ba ta taɓa mayar wa kowa ba. In mun dawo gida sai ta yi ta daka da ƙarfi har turmi yana tsalle.

Kullum da hantsi, in ta gama shara, sai ta zaunar da ni a bakin ƙofa inda haske yake shigowa. Ta lakato man shanu da babban yatsanta ta soma murzawa daga gefen dama, ta bi goshi, ta ƙare a gefen hagu inda ya fi cinyewa, nan take daɗewa. Hannun nan da na sani da zafi, sai ga shi ya koma laushi kamar ba shi ba. Ranar wanki ta jiƙa karkashi ya yi yauƙi, ta wanke mini kai, ruwan yana bin wuyana ina ƙyalƙyala dariya. In ta gama sai ta karkatar da kaina ta kanne ido ɗaya tana duba bakin goshin, kamar yadda mijinta yake duba shuka bayan ruwan farko. Ta ce, "Tukuna." Gobe ma tukuna.

Sallah ta faɗo a tsakiyar damanar. Kai, wannan ita ce ranar da ban manta ba. Ana saura kwana kaɗan gindin rumbu ya cika, don ko masu gulmar sun san in ana son kitson Sallah na gaske sai Gwaggo. Ina zaune ina miƙa mata mai, ina kallon ƙawayena ɗaya bayan ɗaya suna tashi da zane siri-siri yana sheƙi. Da kowa ya watse na zo na zauna tsakanin gwiwoyinta da kaina, ba ta kira ni ba. Na ce ta yi mini irin nasu, na yau kaɗai, ko da zafi ba zan yi kuka ba. Ta ce a'a. Na yi birgima a ƙasa, na ce mata ba ta sona, da uwata tana da rai da ta yi mini. Yaro bai san inda magana take sauka ba. Na ga hannunta ya tafi ƙugu ya taɓa tsinken, ya tsaya. Sai ta zare tsinken, amma ba kaina ta nufa ba. Ta kwance kallabinta. Doka ce a kanta sabuwa, wadda ƙawarta ta ɓata yini guda tana yi mata, an shafe ta da shuni tana ƙyalli. A gabana ta tsefe ta tas. Ta raba gashinta huɗu ta yi kalaba manya sako-sako irin nawa. Ta ce, "To, ga mu mu biyu. Wanda zai yi dariya shi yi mana tare." Haka munka shiga gidaje gaisuwar Sallah, makitsiyar unguwa da ɗiyarta, in an shiga cikin mata an sauke gyale kowa ya ga kanta. Ban ƙara roƙonta ba.

Gero yana fitar da kai, wata safiya tana murza man sai yatsanta ya tsaya. Ta karkatar da ni wajen haske, ta hura iska a goshina a hankali. Ta ce, "Kada ki taɓa." Ta kamo yatsana da kanta ta bi da shi. Wani abu na ji mai laushi kamar gashin ɗan tsako. Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe, da ta fito idanunta ja, ta dama hura mai yawa ta aika gidajen maƙwabta sadaka, har da gidan mai ƙosai. Daga nan gaban goshin ya yi ta cikowa, dama ma ya biyo baya. Hagu ne ya ƙi. Wani ɗan wuri, daidai faɗin babban yatsa, ya tsaya fes kamar an goge shi. Ta ƙara mai, ta ƙara addu'a, shiru.

Iya ba ta ma jira an gama kai hatsi rumbu ba. Wasu matan unguwarmu da sunka je bikin suna Taloka, can ƙasar su Iya, sun kai mata labari cewa an bar jikarta a Wurno kai ba kitso damana guda, kamar wadda ba ta da kowa. Da gulbi ya ɗan ja baya sai ga ta, da jaki biyu, ɗaya babu kowa a kansa. Da na ga jakin nan na biyu na san ni anka kawo wa shi. Gwaggo kuwa ashe ta riga ta sallama, don tun da ta ga hagun ya ƙi ta wanke 'yan zannuwana ta ƙulle su a tsumma ta ajiye bayan ƙofa. Ta shimfiɗa wa Iya tabarma, ta kawo ruwa. Iya ba ta sha ba.

"Abin da anka hwaɗa mini ke nan," in ji ta, tana kallon kalabata da sunka soma warwarewa. "Da can kin tuge, yanzu kin yasar. Ɗauko mata kayanta."

Gwaggo ta ɗauko ƙullin ta ajiye a gabanta. Sannan ta durƙusa ta ce, "Inna, ba ni hannunki." Ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a goshina, ta bi da shi daga dama a hankali. Na ji yatsun Iya masu kaushi sun rage sauri, sun koma baya, sun sake bi. Da sunka kai hagu Gwaggo ba ta tsallake ba, ta tsayar da yatsan a kan filin nan ta ce, "Nan bai hito ba, Inna. Na yi iyakar yina. Ni na ci shi, kuma ga alama ba ya dawowa. In za ki tahi da ita, don Allah kada a ja mata gaban nan, a bar shi sako-sako har shi yi ƙarhi. Man yana cikin ƙullin."

Tana sunkuye tana maganar, kallabinta ya zame. Iya ta kalli kanta. Kalaba huɗu, manya, duk sun yi buzu-buzu.

"Ke kuma mi yas samu naki kan? Ba ke ce makitsiyar ba?"

Gwaggo ta ja kallabin tana ƙoƙarin rufe kan. Ni ce bakina ya kasa haƙuri, na ce, "Tun Sallah haka take, Iya. Ta tsefe dokarta don kada a yi mini dariya ni kaɗai."

Iya ta dube ni, ta dubi Gwaggo. Can ta jawo ƙwaryar ruwan ta sha. Ta kwance ƙullin kayan da kanta, ta ciro ɗan kaskon man, ta tura mini zannuwan ta ce, "Ke mai goshin ƙwarya, mai da tsummokaranki ɗaki, kin sa na wahal da jakin mutane a banza." Sannan ta gyara zama ta buɗe gwiwoyinta, ta miƙa hannu ta ce a ba ta tsinke. Na matso zan zauna, ta ture ni da ƙafa.

"Ba ke ba. Ke kina da uwa. Taho nan, ɗiyata," ta ce wa Gwaggo. "Zamna daidai."

Gwaggo, mace mai furfura a gefen kunne, wadda rabonta da hannun uwa a kanta tun tana budurwa, ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a cinyar Iya. Iya tana tsaga tana mita, wai gashin duk ya cukurkuɗe, Gwaggo kuwa kafaɗunta sai rawa suke. Ni ce mai miƙa mai.

Dukansu sun daɗe da kwantawa, Allah shi jiƙansu. Gindin rumbun nan yanzu ɗakin siminti ne, gulbin ma an tare shi can Goronyo, ba ya hana kowa tafiya. Gashina ya dawo har kusa da gira kamar na uwata, ya yi baƙi, ya yi fari, amma filin nan na hagu yana nan yadda yake. Jikanyata ta hango ni ina shafa shi, ta zo da kwalbarta ta ce, "Kaka, kawo in shafa miki, an ce ko na shekaru yana fitowa."

Na riƙe hannunta na ce, "Bar shi. Nan yatsan Gwaggo ya fi daɗewa, ba ni son komai ya rufe shi." Na buɗe gwiwoyina na ce ta ɗauko tsinke ta zauna, mu sassauta mata gaban nan tun bai yi nisa ba.